Yadda Aka Juya wa Karen Anti Edwina Baya

Masu cewa Anti Edwina Arendse ta zare a kan kare, su zo su faɗa a gabanta mana. Ba za su iya ba, sai dai a bayan labule, baki cike da abincinta. Matar da ta ɗinka wa rabin 'yan matan Bridgetown rigar aure, matar da in an yi rasuwa a layin nan tukunyarta ke fara hawa wuta tun ba a roƙe ta ba, ita ce yau wasu suka samu bakin cewa wai tsufa ya taɓa ta. To ga yadda abin ya kasance, mai hankali ya auna da kansa.

A cikin garin Cape Town aka haife ta, can gindin dutse, a unguwar da gwamnatin wancan zamani ta sa aka rushe, aka loda mutanenta a motocin kaya aka zube su a wannan fili na yashi da iska. Tana 'yar mitsitsiya aka sauke su da gadon ƙarfe ɗaya da buhun tukwane. Ba ta ƙarasa sakandare ba ta shiga kamfanin ɗinki a Salt River, kuma ba ta tashi daga kan keken nan ba sai da furfura ta cika mata kai. Wanda bai taɓa shiga zauren da kekunan ɗinki ke gudu daga wannan bango zuwa wancan ba, ba zai gane inda ta samo muryarta ba. A can ko allura kike so sai kin yi ihu. Aka rufe kamfanin, kowa ta kama gabanta, amma muryar ta biyo Edwina gida. In ta ce "ina kwana" a ƙofarta, mai shagon kan kwana ne ke fara amsawa.

Mijinta Basil mai fenti ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda bai damu da magana ba tun da Allah ya haɗa shi da mai yi musu su biyu. 'Yarsu ɗaya tal, Lucinda. Basil ne wata rana ya dawo daga aiki da wani abu yana motsi a aljihun rigarsa. Matar gidan da yake yi wa fenti ce karyarta ta haihu, ta ba shi ɗaya. Fari fat, gashi kamar auduga, girmansa bai wuce takalmin namiji ba, kuma har ya tsufa bai ƙara wani abin kirki a kan haka ba. Edwina ta dube shi ta ce, "Wannan ɓera ne ko kare?" Kafin a kwana ta ɗinka masa riga da ragowar yadi. Suka sa masa suna Pikkie.

Pikkie bai tashi da baki ba, a san wannan. Koya masa aka yi, kuma da dalili. Shekarar da aka yi bikin Lucinda, Basil ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye, maganar da dama ba ta da yawa ta ɗauke gaba ɗaya. Aka kwantar da shi a ɗakin baya. Edwina ba za ta sa shi a gaba ta yini tana kallo ba, ai sai an ci abinci. Ko tana kicin, ko tana kan keke a falo tana ɗinkin mutane. Pikkie kuwa ya tare a ƙafar gadon. Da Basil ya motsa, ko ya yi ƙoƙarin kai hannu ga kofin ruwa, ko ya fara zamewa daga kan filo, sai karen ya diro ya tsaya a bakin ƙofa ya saki haushi. Edwina ta yar da abin da ke hannunta ta sheƙo. In ta gama gyara mijinta, ta ɗauki karen ta rungume, ta yanko masa ɗan nama. "Kai ne bakinsa yanzu," in ji ta. Haka suka yi shekaru, su uku.

Basil ya rasu. Aka yi zaman makoki aka watse, amma ba wanda ya je ya yi wa kare bayani. Abin da ya sani shi ne, in ka buɗe baki matar nan za ta zo a guje, ta ɗauke ka, ta ba ka nama. Sai ya ci gaba da sana'arsa. Ta ɗaga waya, haushi. Ta zauna da kofin shayi, haushi. Ta hau keke, haushi, irin siririn nan mai shiga kunne kamar tsinke. Ita kuma ta juyo da muryar Salt River: "Pikkie! Rufe min baki!" Shi a ganinsa ai ta shigo waƙar ne, sai ya ƙara wuta. Su yi ta yi, ita da shi, har ta gaji ta sunkuce shi ta ɗora a cinya.

Ranar Lahadi ce babbar kasuwarsa. Tun ciwon Basil Edwina ta fara yin kusista ta sayarwa, wannan fanke mai citta da kirfa da ake tsomawa a tafasasshen ruwan sukari a birkita cikin kwakwa. A Bridgetown safiyar Lahadi ba kusista ba safiya ba ce, ga Musulmi da Kirista duka, kuma ta Edwina ba ta da ta biyu. Tun rana ba ta gama fitowa ba za ka ga layi daga ƙofar kicin har bakin titi, kowa da kwanonsa, wani da rigar barci, wani ya riga ya sha kwat ɗin coci. Pikkie ya kafa shingensa a tsakar gida. Duk wanda ya fito da kwano, ya tsaya gabansa ya yi ta haushi har sai an gutsuro an jefa masa. Waɗanda layi bai kai kansu ba su tsuguna su shafa shi, su tanka masa, ana dariya. "Ga mai gadi, a sallame shi!" Su ne fa mutanen da daga baya suka riƙa cewa karen ya hana su sakat. Kunya dai ta yi ƙaura.

Ana haka Lucinda ta samu ciki, na fari, bayan an daɗe ana jira. A dangin su Edwina tun kaka da kakanni, 'ya a gaban uwarta take jegon fari. Ita ma a gaban tata uwar ta yi, a ɗaki ɗaya cunkushe da ƙanne. Don haka ba ta jira an tambaye ta ba, ta buɗe ɗakin baya wanda tun rasuwar Basil ba ta cika shiga ba, ta wanke shi tas, ta nemo ragowar fentinsa ta shafe bangon da mai launin ruwan ƙwai, ta ɗinka labule.

Sai ga Lucinda da mijinta Denzil sun zo cin abincin rana wata Lahadi. Denzil direban bas ne, ƙato, mai ladabi daidai gwargwado, kuma ba mugu ba ne, a ba kowa haƙƙinsa. Tun da aka zuba shinkafa da kaza Pikkie ya tsaya gefen kujerarsa ya fara. Edwina ta yi tsawa, ya ƙara. Lucinda ta jefa masa fatar kaza, ya haɗiye ya dawo. Denzil ya ajiye cokali.

"Mama, ki yi haƙuri, zan yi magana."

"Yi mana, bakinka ne."

"Jariri ba zai iya kwana a gidan nan ba. Ni da nake yini cikin hon da zagin fasinja, in na zo nan kaina sara yake. Ina ga ɗan da aka haifa jiya? Ina ga mai jego?"

"Ai in ya saba..."

"Wa zai saba, Mama? Jaririn ko karen? Ni dai ɗayan biyu ce. Ko a kai shi gidan da ake karɓar dabbobi su nema masa wasu masu riƙo, ko Lucinda ta yi jegonta a Mitchells Plain wurin mahaifiyata. Ta ma riga ta ce ɗaki na nan."

Edwina ta dubi 'yarta. Lucinda ta sunkuyar da kai tana juya shinkafa a faranti, kuma wannan ya fi maganar Denzil ciwo, don ya nuna tun a mota aka gama shawara.

"Mami, ni ma gida nake son zuwa," in ji ta a hankali. "Amma ji shi fa."

Kuma kowa na jin sa, don bai fasa ba.

Bayan sun tafi Edwina ta zauna tana auna abin a ranta. Ta ba da karen da ya zame wa mijinta baki? Wa zai ɗauki tsohon kare mai surutu? Ta san sarai abin da ake yi wa waɗanda ba a ɗauka ba. To ta bar jikanta na fari ya yi wankan farko a hannun uwar Denzil, matar da har yau ba ta cire ledar kujerunta ba, wadda in ka sha ruwa a gidanta take bin kofin da ido? Duk wanda ta ɗaga a cikin biyun, sai ta ji ya fi ƙarfinta.

Masu ba da shawara kuwa kamar ƙudaje. Wannan ya ce ta fesa masa ruwa a fuska. Ta fesa, ya ɗauka wasa ne, ya riƙa cafkar ruwan yana haushi. Wancan ya ce ta zuba tsakuwa a gwangwani ta girgiza. Ta girgiza, gidan ya koma kamar ana biki. Wani marar imani har ya kawo mata labarin wani abin wuya da ke jan kare da wutar lantarki in ya buɗe baki. Ta ce ya fara gwadawa a nasa wuyan, tun da shi ma nasa bakin ba ya rufuwa.

Wadda ta warware abin ba ta taɓa sa wa kare hannu ba a rayuwarta, kuma ba ta da niyya. Anti Gaironesa, da kowa ke kira Gairo, bango ɗaya ne ya raba gidanta da na Edwina tun suna amare. Musulma ce mai riƙo, ta raini 'ya'ya shida a ɗakuna biyu. Da azumi faranti na tsallaka katanga daga gidanta, da Kirsimeti ya tsallako daga na Edwina, kuma Edwina na da tukunya guda da naman alade bai taɓa shiga ba, saboda ita. Kullum bayan la'asar Gairo za ta shigo shan shayi, ta tattare bakin siket ɗinta, ta zauna a kujerar katakon nan guda ɗaya da kare ba ya hawa.

Wata rana ta tarar da Edwina ido a kumbure, Pikkie na cinyarta yana lasar yatsunta.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Edwina ta zayyana mata komai, daga cokalin Denzil har ledar kujerun uwarsa. Gairo ta kurɓi shayi.

"Ni fa ba ya yi min, Wina."

"Me?"

"Haushin. Yaushe rabon da ki ji ya yi min?"

Edwina ta tsaya tunani. "Yo ai tsoronki yake ji. Wannan fuska taki kamar an aiko ki da saƙon mutuwa, ko ni wani lokacin tsoronta nake."

"Tsohuwar banza. Ba tsoro ba ne. Da farko ya yi min, lokacin da abin ya kama shi. Ya zo nan gabana ya yi har muryarsa ta dushe. Ni kuwa kayan sallata nake karewa. Ban kalle shi ba, ban ce masa ci kanka ba, ban ba shi ko ƙwayar shinkafa ba. Ya ga kasuwa ba ta ci, ya kwashe kayansa. Ke ce mai saye, kullum, ko me ya kawo."

"Ni? Ni da nake yini ina yi masa tsawa?"

"Tsawar ma ai saye ce. Ni ban san kare ba, Allah ya sani, amma na san autana Faiek yana ƙarami. In ya zube a shago yana birgima, ko duka daɗi take masa, tun da dai an kula shi. Ranar da na tsallake shi na wuce wajen tumatir, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya biyo ni."

A nan suka yanke. In ya yi haushi, ba kallo, ba magana, ba taɓawa, ta juya masa baya kamar ba a halicce shi ba. Da ya yi shiru, ko na haɗiyar yawu ne, sai ta juyo ta yaba masa ta ba shi ɗan abu. A baki ba wuya.

Washegari da hantsi Gairo ta shigo ta zauna a kujerarta don ta sa ido. Edwina ta hau keke. Ba ta gama haɗa hannun riga ɗaya ba Pikkie ya je ya tsaya inda ya saba tsayawa, bakin ƙofar ɗakin baya, ya saki murya. Ta miƙe ta fuskanci bango. Ya ƙara. Ya zagayo gabanta, ta sake juyawa. Ya yi tsalle yana yakushin siket ɗinta, yana wani irin kuka kamar ana yanka shi. Abin ya fara cin ranta, kuma ba tausayin kare ba ne kaɗai. Shekara da shekaru wannan ƙara abu ɗaya take nufi a jikinta: yana zamewa, yana shaƙewa, yi sauri. Kanta ya san ba kowa a ɗakin sai sabon fenti, amma ƙafafunta ba su sani ba. Har ta nufi ƙofar, Gairo ta cafke mata hannu.

"Ina za ki?"

"Sake ni, Gairo, dubawa kawai zan yi."

"Ki duba wa? Basil ba ya ciki, Wina. Ya huta. Ke kin ƙi hutawa, kin hana karen ma ya ajiye aiki."

Edwina ta tsaya fuskarta a bango hawaye na zuba, kare na haushi a bayanta, Gairo na riƙe da hannunta tana ba ta labarin tsadar albasa kamar ba abin da ke faruwa. Can dai Pikkie ya tsaya jan numfashi.

"Yanzu," in ji Gairo.

Edwina ta juyo da dukan ƙarfinta. "Yawwa! Ɗan kirki!"

Gilashin taga sai da ya amsa. Kare ya zabura ya koma haushi.

"Innalillahi! A hankali ake faɗa, ke! Ba a Salt River kike ba."

Koyon raɗa ya fi komai ba ta wuya. Mace ta kusa saba'in, sai yanzu take koyon magana ƙasa-ƙasa a gaban kare, maƙwabciya na gyara mata.

Abin kuma sai da ya ƙara lalacewa kafin ya fara gyaruwa, kamar mai buga ƙofar da aka saba buɗe masa, in ya ga shiru ƙarfi yake ƙarawa. Sau da yawa Edwina ta kusa sarewa. In Gairo na gidanta ta jiyo ta ta ja numfashin tsawa, sai ta doki bangon da sandar goge-goge, Edwina ta haɗiye. Ta kuma fara fita da shi da safe su zaga filin ƙwallo na bayan makaranta, don ta lura tun ciwon Basil karen nan bai taka waje ba. Ya shinshina duk abin da ransa ke so, ya dawo a gajiye ya baje a ƙasan keke. A hankali ya gano sabuwar hanya: ya zo gabanta ya zauna, ya kafa mata ido, shiru. Nan take nama ke fitowa.

Sai dai duk abin da aka gina daga Litinin zuwa Asabar, Lahadi ta rushe shi. Layin kusista ya zo, wannan ya jefa masa, waccan ta yi masa wasa, Litinin a wayi gari da tsohon Pikkie. Ga cikin Lucinda ya riga ya sauko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai Gairo ta ce a bar mata layin.

Lahadi da sassafe ta fito da mayafinta da babban cokalin katako ta tsaya a ƙofar gida.

"Jama'a, ina kwananku. Yau akwai doka. Karen nan in ya yi muku haushi, ba kallo, ba magana, ba jefa masa komai. Kowa ya juya masa baya har sai ya yi shiru. Wanda ya karya, kwanonsa zai koma gida yadda ya zo."

Kawu Freddie, tsohon masuncin da ba ya rasa abin faɗa, ya ɗaga kwanonsa. "Anti Gairo, yaushe kika zama lauyar kare? Liman ya sani?"

"Liman ya san haƙƙin maƙwabci, Freddie. Kai ne dai ba ka san hanyar coci ba sai hanyar kusista. In na ce juya, ka juya."

Ba a gama dariya ba Pikkie ya fito aiki. Ya tsaya gaban ta farko da ta fito da kwano ya saki murya, Gairo ta ɗaga cokali, layin nan gaba ɗaya ya juya kamar sojoji. Masu kwat, masu rigar barci, mata da robobin naɗa gashi a ka, duk sun fuskanci titi, sun ba gidan Edwina baya, kwanoni a hannu, ba mai cewa uffan, sai kafaɗu ke rawa don dariyar da aka danne. Pikkie ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai samu komai ba sai dugadugai.

A daidai lokacin Sista Bertha ta cocin su Edwina ta biyo titin da hularta da jakarta. Ita Bertha in ta hango hayaƙi ba ta tsayawa neman wuta, shelar gobara take yi. Kuma a unguwar nan an san abin da ake nufi in jama'a suka juya wa ƙofar mutum baya suka yi tsit. An yi wa masu kai wa gwamnati rahoto a zamanin da, an yi wa mai sayar wa yara ƙwaya. Ba ta tambayi kowa ba, ta zaro waya ta kira Lucinda. Wai unguwa ta juya wa uwarki baya saboda karen nan, ga su nan da idona na gani, ku yi maza.

Ba a gama sayar da tukunya ta biyu ba motar Denzil ta ci birki a ƙofar gida. Ya diro da silifas, maɓallin riga a karkace, Lucinda na fitowa da ƙyar dafe da ƙugu.

"Wane ne? Wane marar mutunci ne ya wulaƙanta Mama? Ku da kuke cin abincinta! Matar da ta yi muku ɗinki, ta yi muku jinya! Duk wanda ke da magana da karen nan ya zo ya same ni!"

Pikkie dama ya riga ya gaji ya zauna a bakin kicin. Da ya ji sabon ciniki ya zo, ga shi mai murya, sai ya taso a guje ya tsaya gaban Denzil ya fara daga farko. Denzil ya cika ƙirji zai daka masa tsawa. Edwina ta leƙo daga kicin, hannu duk kwakwa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Denzil, ɗana. Juya."

Tun da yake bai taɓa jin surukarsa ta yi raɗa ba. Wannan ya fi wayar Bertha tayar masa da hankali.

"Mama, lafiya? Me ya samu muryarki?"

"Juya, ƙato," in ji Gairo tana nuna shi da cokali. "Kalli titi. Kar in ji bakinka."

Ya ga layi duk ya juya, har da Kawu Freddie, ya ga matarsa ma ta fara juyawa tana toshe baki. Sai ya juya. Pikkie ya yi, ya zagaya, ya sake yi, amma ba da zuciya ɗaya ba, kamar mai tallan da ya san ba za a saya ba. Bai daɗe ba ya yi atishawa, ya zauna a bayan silifas ɗin Denzil, ya ɗaga kai yana jira. Tsakar gidan ta yi tsit har ana jin ruwan sukari na tafasa a kicin. Edwina ta taho ta tsuguna ta ce a hankali, "Yawwa, ɗan kirki," ta ba shi ladansa.

"Shi ke nan?" Denzil ya tambaya cikin raɗa, fuskarsa na titi. "In juyo?"

"Tsaya dai a haka, ɗana," in ji Kawu Freddie. "Ka fi kyau ta baya."

Suka zauna cin abincin rana. Da aka kawo faranti Pikkie ya gwada sau ɗaya, kowa ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, ya haƙura ya shige ƙarƙashin tebur ya kwanta. Edwina ta zauna kusa da Denzil. Tana dai ta ƙara masa kaza, don ta ga mutumin da ya fito da silifas zai yi faɗa da unguwa guda saboda ita, kuma ba ta manta irin wannan. Da za su tafi ya shiga ɗakin baya, ya buɗe hannuwa yana auna inda gadon jariri zai shiga, ya taɓa taga ya ce iska na shigowa ta nan, zai zo ranar Asabar ya gyara.

Lucinda ta haifi mace, kuma a Bridgetown ta yi jegonta, a ɗakin mai bangon ruwan ƙwai. Hannun Edwina ne ya yi wa jaririyar wankan farko. Pikkie bai zama waliyyi ba, kar a yi ƙarya. Har gobe in baƙo ya taɓa ƙofa zai sanar, wannan kuwa aikinsa ne. Amma na neman a kula shi ya daina, sai dai ya zo ya zauna ya zuba maka ido har ka ji kunya. Uwar Denzil ta zo barka ta yini, ta nemi abin kushewa ta rasa, sai ta ce shayin ya cika zaƙi.

Saura godiya. Edwina ta tambayi Gairo me za ta yi mata, Gairo ta ce ta bar ta ta sha iska. Sai Edwina ta je kasuwa ta yanko farin yadi mai laushi, ba ta yarda ya shiga gidanta ba, daga shago ta wuce da shi gidan Gairo a ledarsa. Ta goge kekenta da ruwan zafi da sabulu, ta sa Denzil ya ɗauka ya tsallaka da shi maƙwabta, ta yi wanka ta sa kayan da ta kwaso daga igiyar shanya. A falon Gairo ta zauna ta ɗinka mata hijabin salla, don kada ko silin gashin kare ya hau.

"Duk wannan wahala saboda gashi? Ai da na wanke abina," in ji Gairo.

"Tsaya cak in auna ki. Kin ƙara faɗi."

"Kusistarki ce, muguwa."

Da shi Gairo ta yi la'asar ɗin ranar. Da ta shigo shan shayi ta ce ta sa Edwina a addu'a, ta sa Lucinda da jaririya, har da ƙaton nan mai silifas.

"Pikkie fa?" in ji Edwina.

Gairo ta tattare bakin siket ɗinta ta zauna. "Kar ki wuce gona da iri, Wina. Zuba min shayi."